Bututun Suri a Bangon Umara

Da la'asar sakaliya Umara magini ya fita duba ɗakin hatsin da ya gina a bakin kwari, bayan gidansu a Gure. Shekarar da ta wuce fara ta cinye gonaki, gidan sun binne yara. Bana Allah ya ba su, kuma washegari za a zuba hatsin duka a ɗakin nan. In iska ba ta ratsa shi, danshin kwari zai ruɓar da abincinsu tun kafin damina.

Gwajin ba wuya. Magini kan bar rami a cikin bango, baki ɗaya a ƙasa daga ciki, ɗaya a kan soro. Sai ya saki audugar tumfafiya a bakin ƙasa, ya kama Ƙulhuwallahu, wani yana bisa yana kallo. In ta fito kafin sura ta ƙare, iska na gudu yadda ake so. In ta makara, a fasa a sake.

Sai dai Umara ya yi son sauƙi. Maimakon ya yi ramin da hannunsa, ya je tsohon surin da ke bayan tudun rairayi, ya saro kan surin ɗungurungum, da bututunsa, ya dasa a bango. Uwarsa Fanna ta gani.

"Ƙasar suri a gindi ake ɗiba, da sallama, a bar musu nono," in ji ta. "Wa ya ce maka ana sare kai?"

"Inna, gara ta tashi tun tuni."

"Gara na ce maka?"

Bai ji ba. Dama can ba ya ji.

Yau kuwa ya bar wa ƙanensa Ibram saƙo ya same shi a ɗakin hatsin. Da ya iso, sai ya ji motsi a kan soro, ƙasa na zubowa kaɗan-kaɗan.

"Ibram, har ka hau?"

"Na hau, Yaya." Muryar ƙasa-ƙasa, kamar ta mai mura.

Ya shiga. Ɗakin duhu, sai warin ɗanyen yumɓu. A waje ko ganyen goriba ba ya motsi. Kurciyoyin kwari ma sun yi shiru. Ya tsuguna, ya saki auduga.

Bai gama bisimilla ba ramin ya fizge ta.

"Ta fito," aka ce daga bisa.

Umara ya yi tsai. Ranar da garin ya tsaya cik haka, rarrafe ya kamata ta yi. Ya saki wata.

"Ta fito. Ƙaro."

Ya kai tafin hannu bakin ramin. Iska ta ja hannun rigarsa. Ta tsaya. Sannan ta dawo, da ɗumi, da warin nonon da ya kwana a ƙwarya. Audugar ta biyo ta, jiƙe, ta manne masa a yatsa.

Ja. Tsayawa. Saki.

Iskar bango hanya ɗaya take bi, kowane magini ya sani. Wadda ke shiga tana fita, numfashi ce.

Can nesa, daga hanyar gari, wata murya ta taso, kakkaura.

"Yaya! Kana ciki? Akuyarmu ce ta tsare ni!"

Wannan shi ne Ibram.

Motsin soro ya ɗauke. Maganar ta sauko cikin bututun, dab da kunnensa.

"Auduga ba ta ƙosarwa, magini. Matso."

Aka ja.

Ya nemi sura, ta maƙale. Numfashinsa na fita ta hanci kamar zare daga hannun mai kaɗi. Ƙirji ya lotsa. Goshinsa ya taɓa bango.

Ya cire hula, ya cusa.

Ramin ya haɗiye ta.

Lokacin haɗiyar nan kaɗai ya samu. Ya faɗi baya, ya ja ciki zuwa ƙofa. Ibram ya kamo shi ta wuyan riga, ya fisgo shi waje.

Hular ta faɗo daga soro, ta dira a gabansu, sharkaf da yawu.

Da gari ya waye Fanna ta tsaya a kansu har suka fasa bangon. Ibram ya ɗauki kan surin ya mayar, ita tana biye da ƙwaryar nono. Ba a zuba ko zangarniya a ɗakin ba. Aka rarraba hatsin a ɗakunan mata, danshi ya ci rabonsa, gidan suka kai kaka da ganyen tafasa da na jiga. Amma ba su sake binne kowa ba.

Umara ya rayu. Sai dai tun ranar bai ƙara kai Ƙulhuwallahu ƙarshe da numfashi ɗaya ba, ya kuma bar gini.

Wata rana ya ce, "Inna, ai mun mayar musu da nasu. Nawa numfashin fa?"

Fanna ba ta ɗago daga kaɗinta ba.

"Kai da sallama ka ɗauka?"