Ƙazanta a Idon Ruwan Oboroyu

Gari bai gama wayewa ba Kazamaki Tomio ya ji ihun ɗansa daga kan tudu. Ya bar tukunyar turara gurasar wake a kan wuta, ya hau matakalar dutse yana haki, zuciyarsa na gaya masa wannan karon yaron ya faɗa ruwan zafi.

Naoki bai ƙone ba. Yana durƙushe a ƙofar ɗakin idon ruwa yana kwara amai.

Duk ɗan Oboroyu cikin warin farar wuta aka haife shi, warin nan mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai da baƙi ke toshe wa hanci. Amma wannan daban ne. Tomio ya leƙa. A cikin kwarmin dutsen da ruwan ke ɓulɓulowa kafin ya rabu cikin bututu zuwa gidajen wanka da masaukan gari, hanji ne ke juyawa, ya dahu ya kumbura, kitse ya yi kumfa a gefe. Kayan cikin aladen daji ne, kuma sun ruɓe tun kafin a zuba su. A ruwan nan aka yi wa Naoki wankan farko. A ruwan nan tsofaffi ke jiƙa gwiwoyinsu.

"Na rufe babban bututun, Baba," in ji Naoki yana goge baki. "Da takalmina na faɗa ɗakin, ban tsaya komai ba."

"Makullin fa? A ina ya kwana?"

"A aljihuna."

Tomio ya gane wanda za a zarga. Naoki ya dawo daga Tokyo ba aiki, ba magana, ya yi watanni a ɗaki labule a sake. Da ƙyar Tomio ya roƙi tsoho Ebisawa, sarkin ruwan garin, ya ɗauke shi koyon aiki. Sai kwanan nan yaron ya fara cin abinci kamar mutum. Ga shi kuma a taron ƙungiyar masu ruwa na ƙarshe ya sha ya bugu, ya ce wa dattawa garin nan gawa ce da aka shafa wa hoda.

Sajan Urushibara, ɗan sanda ɗaya tilo a garin, ya iso a kan kekensa. Ajinsu ɗaya da Tomio a firamare. Ya ɗaura igiya a ƙofa, ya sa safar hannu, ya ɗauki hotuna da waya yana riƙe da numfashi. Kwaɗon bai karye ba. Babu sawun takalmi sai na Naoki. An rufe fuskar ɗan gunkin dutsen da ke gadin ruwan da farin ƙyalle, an ninke shi tsaf.

Tomio kuwa bakin ƙofa yake kallo, inda ake ajiye takalman katako da mai shiga ke sawa saboda zafin daɓe.

"Sajan, ɗauki hoton waɗannan."

"Takalma ne, Tomio."

"Ɗauka dai, ba kuɗinka ake ci ba."

Kafin hantsi ƙungiya ta taru a gindin matakala. Tsoho Ebisawa ya miƙa hannu ba tare da ya kalli yaron ba.

"Ba ni makullin."

"Baba Ebisawa, na rantse ban..."

"Gobe jami'an lafiya na lardi za su zo ɗiban ruwan kowane masauki su auna. Yanzu me zan nuna musu? Romo?"

Uwargida Kurusu Fumie, mai masaukin da ya fi kowanne daɗewa a garin, tana tsaye cikin doguwar rigar kimono mai launin toka, hannu bisa hannu.

"A yi masa a hankali," ta ce da taushin murya. "Birni yana lalata wa yara kai. A bar shi ya koma inda ya fito, a rufe maganar."

Naoki ya ajiye makullin a tafin tsohon, ya sauka tudu shi kaɗai. Tomio ya san idan yaron ya hau motar yamma, ba zai sake ganinsa a tsaye ba.

Ya bi Sajan zuwa gidan Gonda maharbi, wanda suka tarar yana wasa wuƙa a bayan rumbunsa.

"Ina kake zubar da kayan ciki?" in ji Sajan.

"A daji nake binnewa, inda na fede."

"Ka yi faɗa da ƙungiya kan rabon ruwa."

"Na yi, kuma gobe ma zan yi. Amma a ruwan nan uwata ke wanka, kai sakarai."

"Yaushe ka kashe alade na ƙarshe?"

"Satin jiya. Guda biyu. Masaukai uku suka saya don romon baƙi."

"A yanke?"

"Ɗaya a yanke. Ɗayan ɗungurungum aka ɗauka, wai sabon kuku yana son ya fede da kansa. Na ce to, ku sha wari."

"Wane masauki?"

"Motar ƙungiya ce ta zo ta kwashe gaba ɗaya. Su suka san yadda suka raba."

Tomio ya dubi ƙafar Gonda: manyan takalman roba, laka har gwiwa.

"Gonda, in ka shiga ɗakin idon ruwa, kana cire waɗannan?"

"Ni? Matata ma da tsintsiya take sa ni cire su."

A hanya Sajan ya ce, "Ba shi ba ne. Da ya bar mana rabin lakar dutsen nan. Amma Tomio, kada ka yi murna. Makulli biyu ne, na tsoho da na ɗanka. Tsohon kuwa ba ya iya ɗaga buhu."

"Uku ne. Ka manta wanda ke ƙarƙashin fitilar dutse? Duk wanda ya taɓa yin sharar ɗakin ranar biki ya san shi."

"To ka mai da rabin gari abin zargi."

Tomio ya koma shagonsa, don gurasa ba ta jira. Layin ya yi tsit. Hayaƙin ruwan da ya saba tashi daga kwatami da rufin gidajen wanka duk ya ɗauke, sai tsofaffin gidajen katako da shagon wasan harbin 'yar tsana da aka rufe tun da daɗewa. An manna sanarwa a ƙofar babban gidan wankan gari. Ta tagar sama yana jin Naoki na jan akwati.

Da azahar wasu tsofaffin baƙi, miji da mata, suka tsaya gaban shagon cikin rigunan wanka na masauki, takalman katako na ƙwas-ƙwas. Fuskokinsu jawur, gashin matar a jiƙe.

"Ashe shagon nan na nan!" in ji matar. "A nan muka ci gurasa lokacin da muka zo yawon amarci. Wani mai sanƙo ne ke sayarwa."

"Mahaifina ne, Inna. Ga sanƙon ya bar mini gado."

Suka yi dariya. Tomio na naɗe musu gurasa ya ce, "Ku yi haƙuri da abin da ya faru. Kun zo daga nesa, ga shi babu wanka."

"Wane babu?" in ji mijin. "Yanzu muka fito. An dai sa allo wai a dakata, amma na leƙa na ga ruwa na zuba da zafinsa, na ce a shekarun nan nawa ba allon da zai hana ni."

"Sai dai ba kamar da ba," in ji matar. "Wancan zuwan, sai da kayanmu suka yi mako suna wari. Har zoben azurfata ya yi baƙi ƙirin, na yi ta kuka. Yanzu duba." Ta miƙa yatsa. Zoben na ƙyalli.

Hannun Tomio ya tsaya a kan takardar naɗi. Ya dubi tambarin da ke ƙirjin rigunansu.

"A Masaukin Kurusu kuka sauka?"

Uwargida Fumie ta tarbe su a zauren masaukin a durƙushe, goshi kusa da daɓe. Sajan da Tomio suka cire takalma suka hau. Kafin su taka biyu, hannunta ya riga ya kai: ta haɗa takalman Sajan, ta juya su, ta jera su daidai da na Tomio, ba ta ko kalle su ba. Tomio ya taɓa Sajan da gwiwar hannu.

"Uwargida," in ji Sajan, "a wane hali ɗakin wankanki yake?"

"A rufe, Yallaɓai, kamar na kowa."

"Ruwan ya tsaya?"

"Ai tun asuba aka rufe bututu."

"Mu gani."

Ta tashi ta yi gaba. Tun daga lungu suke jin ƙarar zubar ruwa. Da Sajan ya zuge ƙofar, tururi ya bugi fuskarsu. Ruwa fari kamar madara yana kwarara daga bakin dutse. Tomio ya tsuguna, ya ɗiba ya shinshina. Ƙanshin sabulu-sabulu da maganin ruwan famfo, babu warin farar wuta ko kaɗan. Ya yarfe hannu kamar ya taɓa majina.

"Ragowar ruwan da ke cikin bututu ne," ta ce.

"Tun asuba?" in ji Tomio. "Wankan da ke kusa da idon ruwa ma ya huce kafin hantsi, ke kuma kina can ƙarshen gari."

Sajan ya bi bututun ta bayan gini. A wani ɗaki da aka rubuta wa "ma'ajiyar katifu" ya samu tukunyar dumama ruwa tana ruri, irin mai kunna kanta da asuba, da buhunan farin gari na rina ruwan wanka a jibge. A bayan ɗakin girki kuma akwai bokitin roba mai murfi, an wanke shi, amma ƙudaje ba su yarda an wanke ba.

Kukun, wani mai ƙiba da gumi a goshi, bai jira tambaya ta biyu ba.

"Ni na fede, Yallaɓai. Na ce a binne kayan cikin, Uwargida ta ce a bar mata, taki za ta yi wa furanni."

Suka koma zaure. Uwargida Fumie ta zauna a miƙe.

"Bari in gaya miki yadda na gane, Uwargida," in ji Tomio. "Ɗana, in ya cire takalmi, ɗaya gabas ɗaya yamma. Tun yana yaro nake faɗa, ban ci nasara ba. Baba Ebisawa ba ya iya sunkuyawa. Amma da safen nan takalman katakon ɗakin idon ruwa a jere suke, hancinsu na kallon ciki, don mai shigowa ya zura ƙafa kawai. Hannun mai masauki ne, hannun da ya saba har ba ya neman izinin kai. Masu masauki kuwa suna da yawa. Sai da aka rufe ruwan gari, wankanki kaɗai ya ƙi hucewa. Gobe da jami'ai sun ɗebi ruwanki, da sun ga na famfo ne da hoda. Shi ya sa kika so a rufe na kowa."

"Zaftarewar ƙasa ce ta fasa bututuna a ƙarƙashin gini," ta ce a hankali. "In aka tona, za a ga ginshiƙan sun ruɓe, a rufe gidan. Kakannin mijina suka gina shi. Lokaci kawai nake nema, Tomio. Ruwa ai yana wanke kansa."

"Kin cire takalminki. Kin rufe wa gunki ido don kunya. Sannan kika juye ruɓaɓɓen hanji inda ake wa jarirai wanka, kika tsaya gaban mutane kina cewa birni ya lalata mini ɗa." Tomio ya miƙe. "Tir."

Dattawan ƙungiya sun so a ce dabba ce ta faɗa ciki, don kada sunan gari ya ɓaci. Sajan ya ce hotuna sun riga sun tafi ofishin lardi. Tsoho Ebisawa ya tako har shagon Tomio da sandarsa, ya tarar da Naoki a bakin ƙofa da akwati.

"Ina za ka? Wa zai kwashe ƙazantar can, ni?" Ya tura masa makullin a ƙirji. Sai ya sunkuyar da kai, iyakar yadda bayansa ya yarda. "Na yi maka ba daidai ba, yaro."

Naoki ya yi kwanaki a cikin kwarmin, da buroshi da ƙyalle ɗaure a hanci. Ya kwance bututu ɗaya bayan ɗaya ya wanke. Jami'ai suka zo suka auna, suka ce ruwan ya tsarkaka.

Amma ranar da aka buɗe babban gidan wanka, maza suka tsaya cirko-cirko a gefen ruwa, kowa da ɗan tawul ɗinsa, ba mai shiga. Gonda ma ya ce shi dai yau gwiwarsa lafiya lau. Naoki na tsaye a ƙofa da rigar aiki, yana kallon ƙasa.

Tomio ya dubi farin ruwan. Hanjin nan ya dawo masa a ido, yana juyawa. Ya wanke jikinsa a gefe, ya ɗora tawul a kan sanƙo, ya zura ƙafa, ya nutse har haɓa.

"Yaya, Baba?" in ji Naoki.

"Ya yi zafi da yawa, kai ma ka sani. Je ka rage, mutane na jira."