Waƙar da Ta Ƙi Fita Daga Kunne

Akwai wata yarinya da ake kira Auta, domin ita ce ƙarama a gidansu. Yayanta yana aiki a shagon gyaran waya. Su biyun duk masu son waƙa ne.

Da shekara ta zo ƙarshe, Yaya ya tara sababbin waƙoƙin da suka fi burge shi, ya zuba su a tsohuwar wayarsa. Akwai wadda wasu matasa suka rera da jita kawai, a cikin ɗakinsu, kuma ba kowa ya san su ba. Akwai wadda ake sawa a kowane shago, har masu tura baro suna gyaɗa kai. Amma wadda ta shiga ran Auta daban ce. Babu muryar mutum a cikinta. Da kwamfuta aka haɗa kiɗan. Tana farawa a hankali, sai ta yi ta hawa, ta ƙare da wata siririyar ƙara mai tsawo.

"Ga wayar nan, ki riƙa ji," in ji Yaya. "Amma kada ki taɓa iyafis ɗina da nake sawa a kunne. Ƙarfinsa ya fi ƙarfin kunnenki."

"Kai Yaya, ka dai ce rowa za ka yi!"

"Na ji, rowar ce. Ki bar shi a inda yake."

Washegari da Yaya ya tafi shago, Auta ta buɗe durowarsa. Ta ɗauko iyafis ɗin, ta cusa shi a kunnuwanta, ta ƙure ƙarar wayar. Wani jan rubutu ya fito yana gargaɗi. Ta danne shi ba tare da ta karanta ba. Haka ta riƙa yi kullum idan ta dawo daga makaranta.

Wata rana da yamma tana ita kaɗai a gida, an ɗauke wuta. Waƙar ta ƙare. Ta cire iyafis, ta kashe wayar.

Amma siririyar ƙarar nan ba ta tsaya ba.

Auta ta dubi wayar. A kashe take. Ta dubi fanka, fanka a tsaye cik. Ta leƙa ƙarƙashin gado, ta ɗaga labule, ba kowa, ba komai. Ta fita tsakar gida a hankali. Ƙarar ta biyo ta, kamar kukan sauro da ba a ganin sauron.

Ta sa yatsu ta toshe kunnuwanta. Sai ƙarar ta ƙaru. Ashe ba a ɗaki abin yake ba. A cikin kanta yake.

Ta so ta gaya wa Mama. Amma idan ta faɗa, dole a san ta ɗauki kayan Yaya. Sai ta fasa gaya mata.

Da safe a aji, bakin Malama yana motsi, amma maganar tana zuwa daga nesa, kamar daga cikin rijiya.

"Ke, da ke fa nake!" in ji Malama, ta matso kusa. "Sau nawa zan kira ki? Ko kunnen ƙashi kika koyo?"

'Yan aji suka kwashe da dariya. Ita dariyar ma sama-sama Auta ta ji ta.

Da aka tashi, ta kama hanyar gida. Titi cike da mutane, amma kamar an lulluɓe shi da bargo. Ta sa ƙafa za ta tsallaka. Kwatsam wani hannu ya fizgo ta baya. Babur ya wuce fuu ta gabanta.

"'Yata, ba ki ji hon ba ne?" in ji matar da ta riƙe ta. "Tun daga can yake danna miki!"

Auta ba ta ji ba. Da gudu ta ƙarasa gida, ta faɗa jikin Mama a kicin.

"Mama, waƙa ta shiga kaina, ta ƙi fita! Ba na ji sosai. Ni na ɗauki iyafis ɗin Yaya. Zan kurmance ne?"

"Subhanallahi! Tun yaushe? Me ya hana ki faɗa? Ɗauko takalminki."

A asibiti likita ta haska kunnen Auta da 'yar fitila.

"Babu ƙwaro a ciki, babu kuma wani abin tsoro," in ji ta. "Ƙara ce ta yi wa kunnen yawa, ya gaji. Wannan kukan da kike ji, kunnen ne yake kai ƙara. Kin yi sa'a da kika zo yanzu. Wanda ya ci gaba da ƙure ƙara, wani lokaci jinsa ba ya dawowa. Ki bar shi ya huta."

Da Yaya ya dawo, Auta ta durƙusa ta ba shi haƙuri.

"Tashi, sarkin kiɗa," ya ce, ya dafa kanta. "Ya wuce. Ki dai warke."

Kwanaki suka yi ta wucewa, ƙarar tana raguwa kaɗan kaɗan. Wata safiya Auta ta farka, ta kasa kunne. Shiru. Sai ta jiyo Mama daga can kicin tana yi wa Baba raɗa: "Bar ta ta ƙara barci, kada ka tashe ta."

"Na ji ku!" Auta ta ce da ƙarfi, ta diro daga gado. "Mama, na ji raɗarki!"

Mama ta rungume ta, Baba yana ta dariya.

Yara, jin waƙa ba laifi ba ne, amma a ji ta a hankali, domin kunne ba shi da canji. Idan babba ya hana ku abu, akwai dalili. Kuma idan wani abu ya same ku, ku gaya wa iyayenku da wuri, ko da laifin naku ne.