Waƙa Ta Tara

Kafinta ya fasa sarewar mahaifiyar yarinyar da yake so, ya kuma ɓoye mata. Abin da ya faru ke nan.

Ranar da ta fara zuwa shagonsa yana goge ƙafar kujera. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kauce wa garin katako, da alli a hannun rigarta. Malama ce a firamaren da ke bayan shagon, tana koya wa yara waƙa.

"Sannu da aiki. Kana gyara rikoda?"

"Malama, mai gyaran rediyo yana can gaba. Ni katako na sani."

Ta yi dariya, ta ciro wata tsohuwar sarewar katako mai gaɓa biyu. "Ga rikodar. Haka muke kiranta a makaranta. Haɗin tsakiyar ne ya saki. Shi kaɗai za ka gyara min, don Allah. Ta Mamana ce, Allah ya jiƙanta."

"Shi kaɗai," in ji shi. Idonsa na kan fuskarta.

To amma kafinta ba ya ganin tsaga ya ƙyale. Bayan ta tafi ya hango wata siririyar tsaga a gefen huda ta huɗu. Ya ce bari ya burge ta. Ya zuba gam, ya sa sarewar a ƙarfen matsi kamar ƙafar tebur, ya murɗa. Ya ƙara murɗawa sau ɗaya. Sai ƙas! Ta dare gida biyu.

Ba wani dalili ya hana shi faɗa ba, tsoro ne. Ya je kantin kayan kiɗa ya samo irinta sak. Kwana uku yana tsufar da ita: ya goge da samfefa, ya shafa mai, har sawun haƙoran da ke bakin tsohuwar ya zana da tsinin ƙusa. Guntayen kuwa ya naɗe a tsumma ya tura ƙarƙashin akwatin ƙusoshi.

Malama ta karɓa tana godiya. Daga nan ta fara tsayawa in an tashi makaranta. Takan zauna a kan bencin da bai gama ba, ta buɗe masa littafin da Mamanta ta rubuta waƙoƙi da hannu, kowace da lambarta.

"Ba kowace waƙa ce ke shiga sarewa ba," in ji ta. "Tana son mai tafiya a hankali, wadda ba ta tsalle. Waƙoƙin reno, na ranar haihuwa, tsofaffin na rediyo. Na fim ma wasu suna shiga, in ka rage musu gudu."

Ran nan ya tura mata saƙo: "Malamata, na jiyo yaranki ta katanga. Su talatin, kowa da inda ya nufa. Allah ya ƙara miki haƙuri."

Ta mayar: "Mugun kafinta. Yatsu uku kacal waƙar ke buƙata. Gobe kai ma za ka koya, in ga tsiyarka."

Washegari ta ba shi ta roba, irin ta yaran. Ya hura, ta toshe kunne.

"Kai! Ba wuta kake hurawa ba. A hankali, kamar kana gaya min sirri."

Ya sauke sarewar. Ya saci kallon akwatin ƙusoshi.

"Ka san wani abu, Kafintana?" ta ce. "Waƙa ta tara, wadda Mama ta fi so, kullum tana dishewa a layi na uku. Tun da ka gyara ta daina. Hannunka akwai albarka."

Ya sunkuyar da kai, ya koma goge katako.

Da magana ta yi nisa, ya je gaida Babanta, tsohon direban bas da ya ajiye aiki. Suna zaune a falo, Malama ta busa ta tara. A layi na uku tsohon ya ɗago kai.

"Ina dishewar?"

"An gyara, Baba."

"Wa ya ce a gyara?" Ya juya ga Kafinta. "Ranar da yarinyar nan ta fara tafiya, uwarta na busa. Ta ga za ta faɗi, ta jefar da sarewar ta tare ta. Nan ta tsage. Na ce a ɗinke, ta ce a bar mata. Shekara nawa, in na ji wannan dishewar sai in ji kamar tana ɗaki."

Nan ne wurin faɗar gaskiya. Kafinta ya ce, "Gam na sa, Baba."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. "Lallai gam mai kyau ne."

Ashe mai kantin da ya sayar masa da sarewar shi ma yana neman Malama. Yakan kai wa makarantar littattafan waƙa, ya tsaya surutu. Wata rana ya ɗauki sarewar a kan teburinta, ya raba gaɓoɓin, ya nuna mata ciki yana murmushi. Katakon fari tas.

Saƙonta ya shigo Kafinta na yanka katako: "Ka tsufar da wajen, ka manta cikin. Ka kawo min ta Mamana, ko guntu nawa ce. Kar ka kira ni."

Ya kai guntayen gidan. Ita ba ta fito ba. Ya durƙusa gaban Baba ya faɗi komai, har da ƙusar.

Tsohon ya shafa guntayen da babban yatsa. "Fasawar ban riƙe ka ba. Ni ma na taɓa buge motar mutane a hanya. Amma ka zauna kwana uku kana zana haƙoran matata. Sannan ka kalli idona ka ce gam. 'Yata ba ta auren irinka. Tashi ka ba ni wuri."

Saƙo ɗaya ya tura mata: "Ba ni da uzuri. Ke kika ce kar in taɓa, na taɓa. Ina sonki, kuma na cuce ki. Duka biyun gaskiya ne."

Ba ta amsa ba. Wata biyu. Mai kanti ya aiko a nema masa aurenta, ta ce a'a: mutumin da ya ga hawayenta yana murmushi ba mijinta ba ne. Kafinta bai san da wannan ba. Shi dai kullum da azahar yakan ajiye zarto ya ɗauki sarewar roba ya kama waƙa ta tara, da yatsunsa masu kanta. Maƙwabta suka yi ƙorafi har suka gaji.

Ran nan ya ɗago ya gan ta a bakin ƙofa.

"Babban yatsanka bai toshe hudar baya ba. Wata biyu kana damun ɗalibaina."

"Malamata..."

"Ban huce duka ba, ka sani. Kawo hannun." Ta gyara masa yatsan.

Ya koma wurin Baba da dabara. "Zan iya tsaga sabuwar daidai wurin. Dishewar za ta dawo, na yi alkawari."

"Wata ƙaryar za ka ƙera min?" in ji tsohon. "Kai dai ba ka ji. Bar ta yadda take." Ya kalli ƙofar ɗakinta. "Tun ranar da na kore ka ba ta busa komai a gidan nan ba. Shirun ya fi min ciwo. Ka turo manyanka. Amma in ka sake fasa wani abu, ka kawo min shi a fashe."

"Na ɗauka, Baba."

Aka ɗaura aure. Bayan mutane sun ragu, Baba ya dafa kawunansu. "Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zuri'a tagari, ya sa ku tsufa tare." Sai ya ce, "Busa min ta tara, uwata."

Amarya ta busa. Ango na tsaye a gefenta, idonsa na kan surukinsa. Layi na uku ya zo, ya wuce sumul. Tsohon ya sa hannu a aljihu inda guntayen suke, ya kalli ƙasa har aka gama.

Kafinta ya samu matarsa, kuma yana riƙe da ita da kyau. Baba kuwa ya sa albarka da zuciya ɗaya, bai ƙara tayar da maganar ba. Amma daga ranar da aka murɗa ƙarfen nan, bai sake jin matarsa a ɗaki ba.