Kar Ka Koma Ciki

Ranar da Dogo ya fara aiki a laburaren jami'a, ko gaisawa da mutane bai gama ba ya tura amalanken littattafai ya daki ƙafar tebur. Littattafai suka zube ƙasa, masu karatu suka ɗago kai suna hararsa. Sai ga wata yarinya ta leƙo daga bayan kantar littattafai, yatsa a kan leɓe.

"Shhh," ta ce. Sannan ta durƙusa tana taya shi tsinta, tana danne dariya.

Dukansu ɗalibai ne masu aikin 'yan awoyi tsakanin lacca da lacca. Ita 'Yar Shiru abokan aiki ke ce mata, don ko takarda ka yaga da ƙarfi sai ka gan ta tsaye a kanka. Shi kuwa tsawonsa ne ya raɗa masa suna tun bai zauna ba.

Madam, shugabar laburaren, ta sa 'Yar Shiru ta nuna masa dokar gobara. Ta kai shi can ƙuryar hawa na ɗaya, inda wani jan kati ke rataye a ƙusa.

"Kowane hawa da katinsa," ta ce ƙasa-ƙasa. "In ƙararrawa ta kaɗa, wanda ke aiki a hawan zai bi lungu-lungu, har banɗaki, ya fitar da kowa, ya ja ƙofofi, sannan ya ciro katin. A ƙurya aka rataye shi don kar wani ya ce ya duba alhali bai ƙarasa ba. Ban da hawa lif. Ka bi matakala, ka kai wa Madam katin a gindin bishiyar filin motoci. In ka fita, ka fita ke nan. Kar ka koma ciki."

"Ko na manta wayata?"

"Ko ka manta kanka."

Dogo ya ce to, amma tsakani da Allah rabin bayanin bai shige shi ba, kallonta yake yi.

Kafin zangon karatu ya raba, kowa a laburaren ya gano su. Matsalarsu ɗaya ce, Mai Jadawali, ɗalibin ajin ƙarshe da ke raba wa kowa lokacin aiki da hawan da zai tsare. Shi ma bawan Allah ya ƙyasa 'Yar Shiru, don haka in ya sa Dogo safe sai ya jefa 'Yar Shiru yamma. In dole ta haɗa su rana ɗaya, shi yana ƙasa, ita tana can hawa na sama. Sai waya ta zama abokiyar hira.

"'Yar Shiruna, an sake raba mu. Na ajiye miki alawa a bayan babban ƙamus."

"Ba a cin abu a laburare, Dogona. Doka ce. Amma na shanye, Allah ya saka da alheri."

Madam ba ta sanar da ranar gwajin gobara, kwatsam take kaɗa ƙararrawa. Akwai wani dattijo, tsohon ɗan kwana-kwana da ya yi ritaya, da ke zuwa da usur a wuya yana duba yadda aka fita. Ranar wani gwajin, Dogo ya ga a allon jadawali cewa 'Yar Shiru na hawa na sama. Abin da bai sani ba, da rana Mai Jadawali ya sauko da ita teburin karɓar baƙi, kusa da kansa, bai gyara allon ba.

Ƙararrawa ta kaɗa. Dogo ya zagaye hawansa, ya ciro kati, ya miƙa wa Madam. Ya waiga cikin taron bai gan ta ba, katin sama kuma bai iso ba. Ai kuwa sai ya kwasa da gudu ya koma ciki. Dattijon na busa usur kamar zai fasa shi, Dogo ko a jikinsa. A matakala ya yi karo da wani abokin aiki yana saukowa da katin sama, yana kallonsa baki buɗe.

Yana fitowa ya tarar da dattijon a bakin ƙofa.

"Kai ne jarumin?" dattijon ya ce. "Da wutar gaske ce, da yanzu na tura mutum biyu nemanka. Su ma 'ya'yan wasu ne. Wa ka koma ɗaukowa?"

Kafin ya amsa, wata ƙaramar murya ta ce daga baya, "Baba, don Allah ka yi haƙuri."

'Yar Shiru ce, tsaye lafiya lau, tun ɗazu tana bayan bishiya tana tare mutane. Ashe dattijon mahaifinta ne. Dogo ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Da kawun Dogo ya je nema masa izinin aurenta, Baba ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi ruwa, ya ce a'a.

"Ba ni da ƙorafi kan asalinsa ko karatunsa. Amma da hannun nan na fito da gawar mutanen da suka koma neman wanda tuni ya fita. Wanda zuciyarsa ke gaba da hankalinsa ba zan ba shi 'yata ba, takaba zai ja mata."

Daga ranar, iyakar Dogo bakin get. Mama ce kaɗai ke leƙowa ta ce, "Ka yi haƙuri, ɗan nan, ka san halin Babanku."

Mai Jadawali ya ƙara masa da cewa ai ita ce ta roƙa a canza mata wuri ranar. Dogo ya kumbura, ya daina ajiye alawa. Da daddare saƙo ya shigo.

"Ni na roƙa? Haba Dogona. Ni fa na kai ƙararsa wurin Madam, shi ya sa yanzu duk wanda ya canza wuri sai an rubuta a allo. Kuma ka ji, na ji daɗin da ka damu da ni, amma Baba ya fi ka gaskiya. Ina son ka da ranka."

Ya karanta ya sake karantawa. Ya rubuta, "Na yi alkawari." Washegari alawa ta koma bayan ƙamus.

Wutar gaske da rana tsaka ta zo, ana gab da jarrabawa, laburare cike maƙil. Wayar lantarki ce ta kama a ɗakin fotokwafi. Wannan karon da ƙararrawa ta kaɗa har da ƙaurin roba. Mai Jadawali ne farkon fita, katinsa na can a ƙusa, sai maigadi ne ya zagaye masa.

Dogo ya bi lungunan hawansa, ya tashi wani da ya yi barci a kan littafi, ya leƙa banɗaki, ya ja ƙofofi, ya ciro kati. A gindin bishiya Madam ta karɓa, ta duba na hannunta.

"Saura na sama," ta ce.

Allon ya faɗi gaskiya yau, 'Yar Shiru ce a sama. Hayaƙi ya fara fitowa ta tagogin matakalar gaba, baƙi ƙirin. Dogo ya kira wayarta, tana ta ringin ba a ɗauka. Ƙafafunsa suka fara tafiya da kansu. Ya san in ya saki jiki ba mai iya riƙe shi, don haka ya juya ya rungume bishiyar da hannu biyu, ya ƙanƙame. Ƙato da shi, hawaye shaɓe-shaɓe, yana ta innalillahi. Tsoro yake ji irin wanda bai taɓa ji ba.

'Yan kwana-kwana na isowa ya yi musu tsawa daga inda yake. "Hawa na sama! Ma'aikaciya ɗaya ba ta fito ba! Akwai matakala ta baya!"

Suna zagayawa sai ga ta ta ɓullo ta ƙofar baya. Wata ɗaliba mai sandar guragu na rataye a kafaɗarta, taki ɗaya-ɗaya suka sauko, jan katin kuma na cije a bakinta don hannayenta ba sarari. Ta miƙa wa Madam, ta yi tari, sannan ta dubi Dogo da bishiyarsa.

"Sake ta mana," ta ce. "Kar in fara kishi."

An kashe wutar, ba wanda ya ji rauni. Da yamma Baba ya aiko a kira shi. Dogo ya tsaya a bakin get kamar kullum, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Madam ta ce bishiya ka rungume," Baba ya ce, fuska ba walwala. "Me ya hana ka komawa? Tsorona?"

"A'a, Baba. Na san ba za ta sauko ta bar mutum a hawanta ba, shi ya sa ta daɗe. Kuma na san da na shiga ta gaba ta fito ta baya ta tarar ba ni, komawa za ta yi nemana. Da ni ne zan jefa ta wutar."

Baba ya zare sakata. Sannan ya ja get ɗin ya buɗe shi gaba ɗaya.

"Tashi ka shigo ciki, ɗana. Ka ce wa kawunka ina jiransa."

Bayan jarrabawa aka ɗaura aure. Madam ta karɓe jadawali da kanta, ta sa ango da amarya lokaci ɗaya, amma ta ƙi haɗa su hawa ɗaya, wai littattafai ma suna da haƙƙi. Ranar da za a kai amarya, Baba ya riƙe hannun Dogo ya ƙi saki, idonsa ya kawo ruwa.

"Na ba ka ita da zuciya ɗaya," ya ce. "Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku, ya sa kullum ku fita lafiya ku dawo wa juna lafiya."

'Yar Shiru ta ce amin, da ƙarfin da duk gidan sai da ya ji.