Buhun da Hamida Ta Bari a Tasha

A garin Filinge, cikin ƙasar Kurfai, akwai wata yarinya mai suna Hamida. Shekararta goma sha huɗu. Ba ta taɓa wuce Baleyara ba. Can ɗin ma da innarta suka je, ranar kasuwa.

A shekarar nan ruwa ya yi kyau. Kaka ta shigo, gero ya nuna, kowa yana gona. Saura kwana goma sha biyu yara su koma lakwal, wato makarantar boko.

Ana nan sai labari ya zo daga Sakkwato, can Najeriya. Gwaggo Habsa, ƙanwar baban Hamida, ba ta da lafiya. An yi mata aiki a asibiti, an sallame ta, amma jikin ya ƙi dawowa.

Malam Kailu, baban Hamida, ya ji labarin. Shi mutum ne mai ƙarancin magana. Bai iya barin gona ba, don gero na tsaye kuma tsuntsaye sun fara sauka. Inna, mahaifiyar Hamida, kuwa tana jego, jaririnta ko arba'in bai yi ba. Bayan kwana biyu ya kira Hamida. Ya ce ita za ta je ta duba gwaggonta.

Hamida ta ji tsoro, ta kuma ji daɗi. Babanta ya je meri, ofishin magajin gari, ya karɓo mata takardar izinin tafiya. Inna ta wanke mata tufafinta masu kyau, ta jera su a jakar lakwal.

Ana gobe za ta tashi, Malam Kailu ya tafi tsohuwar gonar mahaifinsu, shi da Gwaggo Habsa. Shi kaɗai ya je. Ya yanko gero da hannunsa, Inna ta sussuke, ta sheƙe. Aka sami tiya huɗu. Aka zuba a wani tsohon buhun taki mai faci biyu. Inna ta ƙara ƙullin daddawar batso a sama, ta ɗaure bakin da tsumman zane.

A tasha babanta ya ɗora mata buhun a kan cinya.

"Wanga na gwaggonki ne," in ji shi. "Ki sa shi hannunta."

"To, Baba."

Ya tsaya har mota ta tashi.

Tafiyar ta yi nisa. Suka wuce Baleyara, suka wuce Doso, suka wuce Dogon Dutse. Ko'ina dammunan gero ne a jibge bakin hanya. Hamida ta sake mota ita kaɗai, ba ta ɓata ba. A Ƙwanni ta kwana gidan wata ƙawar innarta. Da safe ta nuna takardarta a kan iyaka, aka duba, aka miƙo mata. Ta ji kanta ta girma.

A Illela ta shiga motar Sakkwato. Rubutun da ke jikin shaguna ba Faransanci ba ne, ba ta iya karanta shi sosai. Kusa da ita wasu 'yan mata biyu suka zauna. Suna da jakunkuna masu taya, suna ƙamshin turare.

Da rana ta yi zafi, warin daddawa ya cika mota. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta toshe hanci. Ta dubi buhun, ta dubi Hamida, ta tambayi ƙawarta ko wa ya ɗauko ƙauye sukutum ya shigo da shi mota. Suka yi ta dariya ƙasa-ƙasa. Wani mutum a gaba ya buɗe taga.

Hamida ta sunkuyar da kai. Ta ja mayafinta ta rufe buhun, amma warin bai ɓuya ba. A gida ba ta taɓa jin cewa daddawa na wari ba. Yau ji take kamar daga jikinta yake fita.

Sakkwato gari ne babba. Motoci, babura da kekuna masu ƙafa uku sun cika titi. Hamida ta sauka a tasha, ta zauna a wani benci kusa da rumfar mai ƙosai. An ce Nasiba, 'yar Gwaggo Habsa, za ta zo ta ɗauke ta. Ba su taɓa ganin juna ba sai a hoto.

Can sai ta hango ta. Doguwa ce, sanye da farin hijabi da tabarau, takalminta na sheƙi. Tana tafe tana dube-dube.

Hamida ta tuna dariyar cikin mota. Ta sa ƙafa ta tura buhun ƙarƙashin benci, har can ciki. Ta ce a ranta gero ne kawai, kuma garin nan cike yake da gero. Sannan ta miƙe da jakarta.

Nasiba ta rungume ta, ta yi mata sannu da hanya.

"Kayanki ke nan duka?" ta tambaya.

"Shi ke nan," in ji Hamida.

Gwaggo Habsa tana kwance a ɗaki a kan katifa. Ta rame ƙwarai. Amma idonta irin na Malam Kailu ne sak. Ta riƙe hannun Hamida ba ta saki ba. Ta tambayi Inna da jariri. Ta tambayi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka daɗe da rasuwa. Ta tambayi ruwan bana, da ko tsohuwar gona ta yi kyau. Hamida ta ce ta yi kyau sosai.

Sai gwaggo ta dubi jakar lakwal da ke gefen ƙofa.

"Yaya Kailu bai ba ki saƙo ba?"

Hamida ta kawar da kai.

"Ya ce a gaishe ki da jiki."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Gwaggo."

Gwaggo Habsa ta saki hannunta a hankali. Ta ce ta gode, Allah ya saka. Sannan ta juya fuskarta ga bango.

Washegari Nasiba ta fita da Hamida ganin gari. Ta nuna mata babbar kasuwa, da manyan masallatai, da makarantarsu mai bene. Ta saya mata rake. Hamida tana kallo, amma ba ta ganin komai. Raken ma bai yi mata zaƙi ba.

Da suka dawo, suka tarar da kwanon abincin gwaggo a rufe, yadda suka bar shi. Kunun safe ma ba ta taɓa ba. Nasiba ta yi lallashi har ta gaji. Likita ya ce maganin ba ya aiki in babu abinci a ciki.

Nasiba ta fito tsakar gida, ta zauna a kan turmi. Idonta ya cika da hawaye. Hamida ta tambaye ta ko jikin ne ya ƙara tsanani. Nasiba ta girgiza kai. Ta ce ba ciwon ba ne, zuciya ce.

Nan ta ba ta labarin da ba a taɓa ba ta a gida ba. Tun da Gwaggo Habsa ta yi aure ta zo Sakkwato, kowace kaka yayanta na aiko mata da geron farko na gonar mahaifinsu. Bai taɓa fashi ba. Amma shekara biyu da suka wuce mahaifiyarsu ta rasu a Filinge, gwaggo ba ta je ba. A lokacin ciwon ya riga ya kama ta, ta ɓoye don kada ta ƙara wa 'yan'uwa damuwa. Malam Kailu ya ɗauka halin ko-in-kula ne. Daga nan gero ya daina zuwa, waya ma ta daina.

"Da ta ji za ki zo, kwana uku tana murna," in ji Nasiba. "Ta ce in kin zo da gero, to Kawu ya yafe mata. In kin zo hannu sake, to har yanzu yana fushi."

Hamida ta tuna babanta yana tafiya tsohuwar gona shi kaɗai. Ta so ta yi shiru, don ba wanda ya gan ta. Amma daga inda take tana hango bayan gwaggo ta ƙofa, da ƙasusuwan kafaɗarta.

Ta shiga ɗakin, ta durƙusa.

"Gwaggo, ƙarya na yi miki. Baba ya ba ni gero. Da hannunsa ya yanko. Ni ce na bar shi a tasha."

Gwaggo Habsa ta juyo.

"Mantawa kika yi, ɗiyata?"

"A'a. Kunya na ji. An yi mini dariya a mota, sai na ɓoye shi don kada Nasiba ta gani."

Ta faɗi komai tana kuka, har facin buhun da warin daddawa. Gwaggo ba ta yi faɗa ba. Tambaya ɗaya kawai ta sake yi, wai da gaske daga tsohuwar gona ya yanko. Hamida ta ce da gaske ne. Sai hawaye suka gangaro wa gwaggo, ta ce su je su duba.

Suka hau keke mai ƙafa uku suka koma tasha. Da suka kusa, Nasiba ta ce, "Ni kika ji wa kunya? Da miyar batso aka yaye ni." Wannan maganar ta fi dariyar 'yan matan mota zafi.

Ƙarƙashin benci babu komai sai ɓarɓashin gero a ƙasa. Suka tambayi direbobi, ba wanda ya gani.

Sai tsohuwa mai ƙosai ta yafito su. Ta ce jiya ta ga yarinyar da ta tura buhu da ƙafa, ta ɗauka za ta dawo. Kafin ta ankara, awakin tasha sun fasa shi ta wurin faci. Ta kore su, ta kwashe abin da ya rage. Ta jawo wata roba daga bayan murhu. Geron bai kai tiya ɗaya ba. Daddawa kuwa babu ko alamarta.

"Ke ce, ko?" in ji tsohuwar.

"Ni ce, Inna."

"Wanda ya noma wannan ya sha rana. Ki riƙe shi da kyau."

Hamida ta yi godiya. Ta zuba geron a buhun da ya yage, ta naɗe, ta ɗora a ka. Haka ta ratsa tasha, mutane na kallo.

A gida ta tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta surfe, ta wanke, ta daka da kanta, ba ta bari Nasiba ta taɓa taɓarya ba. Ta yi fura irin ta Kurfai, ta dama da nono. Sannan ta kai, ta sa ƙwaryar a hannun gwaggo.

Gwaggo Habsa ta tashi zaune. Ta yi bismilla, ta sha ludayi ɗaya, ta rufe ido. Ta sha na biyu, ta sha na uku. Ba ta aje ba sai da ta kusa shanyewa. Daga nan ta ce a kawo mata waya.

Hamida ta roƙa a bar ta ta fara magana. Da ta ji muryar babanta, ta faɗa masa abin da ta yi, ba ta rage komai ba.

"Kin yi laifi babba, Hamida," in ji shi. "Amma ni ma ina da nawa. Maganar da ta kamata in faɗa da bakina na ɗora wa buhu. Ba ni gwaggonki."

Hamida da Nasiba suka fita tsakar gida, suka bar su. Daga ɗaki suna jin muryar gwaggo, tana kuka, tana magana, can kuma sai dariya. Nasiba ta ce rabonta da jin wannan dariyar shekara biyu ke nan.

Hamida ta yi mako guda a Sakkwato. Kullum gwaggo na ƙara cin abinci. Ranar da za ta koma, gwaggo ta tako da ƙafarta har bakin ƙofar gida, tana dafe da kafaɗar Nasiba. Ta ce a gaya wa Yaya Kailu ya gyara mata ɗakin mahaifiyarsu, in Allah ya yarda da ita za a yi Sallah a Filinge.

Hamida ta maimaita saƙon a gabanta, kalma bayan kalma, don kada ta zubar da ko ɗaya.

A wannan tafiya ta koyi abu biyu. Abin da aka ba ka amana, ka kai shi inda aka ce, ko da ba ka san amfaninsa ba. Kuma abin da iyayenka suka samu da guminsu ba abin kunya ba ne, a kowane gari kake.

Da ta iso Filinge, ta tarar babanta na gona. Ba ta tsaya cire takalmi ba. Ta bi hanyar gona da sauri, ta kai masa saƙon ƙanwarsa.