Ruwan Tankin Babakura

Da hantsi aka kawo rahoton. Wata yarinya mai shekara biyu, Jannatu, ta rasu a unguwar Mafoni bayan kwana tara tana gudawa, kuma mutanen layin sun kewaye gidan maƙwabciyarsu Rakiya da duwatsu.

Insifekta Dzarma ya isa kafin a ɓalle ƙofar. Uwar yarinyar, Bintu, tana gaba da dutse a hannu, idanunta a bushe.

"Yallaɓai, Rakiya ce ta ba 'yata zoɓo. Ko ku tafi da ita, ko mu gama da ita yau."

Mijinta Tahir yana jingine da bango. Dzarma ya sa Rakiya a mota don ya tsare ranta. A hanya ta yi ta rantsuwa cewa zoɓon da take sayar wa kowa ne, da ruwan tankin Babakura take sirka shi kamar kullum.

A asibiti ya tarar da Ketura, mai aikin ɗakin gwaje-gwaje.

"Ba guba ba ce, Insifekta. Zo ka sa ido."

Ya leƙa madubin ganin ƙwayoyin cuta da ta ɗora samfurin bayan gidan yarinyar a kai, ya ga wasu ƙananan ƙwayoyi jajaye. Ketura ta ce sunansu kiriftosforidiyam. Gwajin bayan gida na yau da kullum ba ya nuna su, sai an shafa wani launi na musamman. Cikin yara sittin da ta auna daga Mafoni, ashirin da uku suna ɗauke da su. Daga unguwar Hausari kuwa, cikin arba'in, biyu ne kacal. Daga kashin mutum ko na maraƙi mai zawo suke shiga ruwa, kuma sukan yi mako guda a ciki kafin gudawa ta fara.

"Kulorin da ake zuba wa ruwa fa, ba ya kashe su?"

"Ko gezau. Sai an tafasa ruwan."

Babakura mai rijiyar burtsatse ya tare shi da murmushi. Ya ce duk Juma'a yana zuba kulorin, kuma ba mahaluƙin da ya taɓa hawa tankinsa. Dzarma ya hau tsanin da kansa, ya sauko yana karkaɗe hannu.

"Murfin ya ci tsatsa, amma kwaɗon sabo ne fil. Ina tsohon?"

Babakura ya sunkuyar da kai. Mako uku da suka wuce, in ji shi, ya tarar an fasa kwaɗon, an jefa ƙaramin buhun dusa cike da kashin shanu. Ya tsamo shi, ya ninka kulorin, ya yi shiru don kada duba-gari su rufe masa rijiya. Buhun yana nan a bayan ɗakin inji.

"Wa ka ɓata wa?"

"Ni ba ni da abokin faɗa, Yallaɓai. Sai dai bara na kai ƙarar garken Tahir, saboda yana jikin rijiyata. Aka rushe shi. Ya mayar da maruƙansa can Zabarmari, biyu suka mutu."

Dzarma ya tura a ɗebo kashin maruƙan a kai wa Ketura. Washegari ta kira shi: ƙwayoyin nan jajaye sun cika shi.

A gidan makoki ya lura da jarkoki shida jere a zaure. Ya tambayi Bintu inda suke samun ruwa. Ta ce daga Hausari ake kawo musu a keke. Maigida ne ya hana su taɓa ruwan tanki, yau mako uku.

"A lokacin akwai yaron da ya fara gudawa a layin nan?"

"Babu, Yallaɓai."

Dzarma ya juya wajen Tahir. "Malam Tahir, me ka gani a ruwan da kowa bai gani ba?"

"Ɗanɗanonsa ne ya canza."

"Gida saba'in suna sha, kai kaɗai ka ji?" Ya shimfiɗa buhun da ya ɗauko daga wajen Babakura a tsakar gida. An rubuta sunan Tahir a gefensa da baƙin fenti, kamar yadda masu sayar da dusa suke yi wa masu sayen yau da kullum.

Tahir ya kalli sunansa a jikin buhun.

"Ya rushe min garke a gaban jama'a," ya ce. "Na so a rufe rijiyarsa, ya ji abin da na ji. Na ɗauka kulorin zai kashe komai, wari ne kawai zai saura. Na hana iyalina sha. Ban san Jannatu za ta sha a gidan Rakiya ba."

Bintu ta kalli mijinta, ta kalli dutsen da ta ajiye a bakin ƙofa tun jiya saboda Rakiya. Ta sunkuya ta ɗauke shi. Dzarma ya shiga tsakaninsu, ya sa wa Tahir ankwa.

"Ajiye, Ya Bintu. Kotu za ta yi nata."

Ta saki dutsen a hankali. Sai da aka kai Tahir bakin mota ta yi magana, ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Yallaɓai, alfarma ɗaya nake nema. Ko shekara nawa zai yi, kada a nuna masa kabarinta."