Daren Raba Asu

Wani malamin nazarin ƙwari ne, Allah ya yi shi da taurin kai. Shekara da shekaru yana jayayya da abokin aikinsa kan wasu asu masu dogon baki. Shi ya ce na bakin kogi daban, na kan dutse daban, abokin kuwa ya ce duk dangi ɗaya ne. Washegari za a yanke magana a taro, shi ya sa ya zauna a ofis har dare ya yi nisa, yana ciro busassun asu daga akwatin gilashi yana kasa su gida biyu, kowane kashi da akwatinsa na gilashi.

Bai ji buɗe ƙofa ba. Warin tsohon hatsi kawai ya ji, sai ga wata tsohuwa tsaye da mayafi toka-toka.

"Iya mai shara, fita. Ba yanzu ba."

"Uwarka ce mai shara," in ji ta, murya kamar ana murza busasshen ganye. "Wa ya aike ka ka raba 'ya da uwa? Mayar da su."

"Ba zan mayar ba. Ke me kika sani?"

Ya tashi zai tura ta waje, ya damƙi mayafin. Wani gari mai laushi ya manne masa a yatsu, irin wanda yake gogewa kullum in ya taɓa fiffiken asu. Sai lokacin ya lura tun shigowarta ba shi take kallo ba, fitilar tebur take kallo.

A bayansa, cikin akwatunan nan biyu, wani abu ya fara bugun gilashi a hankali.